Raguwar fararen ƙwayoyin jini ga mai ciwon lufus: yaushe ake magani, yaushe ake jira?

Tambaya: Likita, ni mace ce mai shekara 34, ina zaune a Makka, iyayena asalinsu mutanen Kano ne. Shekara uku ke nan da aka tabbatar ina da ciwon lufus, ina shan Plaquenil da Imuran da ɗan kotizon. A gwajin jinin wannan wata fararen ƙwayoyin jinina sun sauko zuwa 2,800, nutrofil 1,300, limfosayit 1,000, jajayen ƙwayoyi da filatilet (masu taimakawa jini ya daskare) kuwa ba su taɓu ba. Ba ni da zazzaɓi. 'Yan'uwa suna cewa in ajiye magungunan in koma zuma da nonon raƙumi, wata ƙawata kuma ta ce akwai allurar da ke ɗaga su nan take. Me ya kamata in yi?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Alƙaluman da kika kawo ba su kai matsayin da za a ruga da ke asibiti cikin dare ba, amma sun kai matsayin da ya wajaba likitan da ke duba ki ya gan su cikin wannan mako, kada ki jira sai ranar da aka ba ki ta komawa in tana da nisa. Kada ki ajiye kowane magani bisa ra'ayin kanki, musamman kotizon, wanda barinsa farat ɗaya haɗari ne mai zaman kansa. Allurar da ƙawarki ta ambata akwai ta, sai dai ba irin halin da kike ciki aka tanadar wa ita ba. A ciwon lufus da danginsa, wato cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi gaɓoɓi da fata da ƙoda da jini, likita yana neman abin da ya saukar da fararen ƙwayoyin ne tukuna, domin maganin wani sanadin yakan zama kishiyar maganin wani.

Jimillar fararen ƙwayoyi, wadda takardun gwaji a nan Saudiyya kan rubuta da 2.8 maimakon 2,800, taron iri-iri ce. A al'ada ana ɗaukar 4,000 zuwa 11,000 a kowace maikurolita ta jini, wato ɗan mitsitsin awon da ake ƙirgawa a ciki, a matsayin daidai. Irin da ya fi damun mu shi ne nutrofil, domin shi ke tarar ƙwayoyin bakteriya da na funfuna tun da farko. Daga 1,000 zuwa 1,500 raguwa ce mai sauƙi, kuma yawancin masu ita ba sa ganin wani ƙarin cuta. Daga 500 zuwa 1,000 matsakaiciya ce. Ƙasa da 500 ita ce mai tsanani, a nan ne ƙaramar cuta za ta iya rikiɗewa ta mamaye jini cikin sa'o'i. Ke kina 1,300, wato a matakin farko. Limfosayit kuwa, waɗanda ke kula da bairas da tunawa da cututtukan da jiki ya taɓa gamuwa da su, raguwarsu ta fi ta nutrofil yawa a lufus, kuma kotizon kansa yana ƙara saukar da su.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye, mu da asalinmu ya fito daga Yammacin Afirka, wanda sau da yawa ba a kawo shi a lissafi. Mafi rinjayen mutanen yankinmu ba su da wani furotin da ake kira Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu. Gado ne, kuma masana suna danganta yaɗuwarsa da kariyar da yake bayarwa daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro mai suna baibaks. A 2009 aka tabbatar cewa wannan gadon shi ne babban dalilin da ya sa nutrofil ɗin mutanen da asalinsu Afirka ne ya kan zauna ƙasa da na Turawa. Ana samun sa kuma a tsakanin mutanen Sudan da wasu Larabawan wannan tsibiri. Mai wannan hali ɓargonsa yana ƙera nutrofil yadda ya kamata, sai dai da yawansu ba sa yawo a cikin jinin da ake ɗiba. Gwajin jini hatsin da ke kasuwa yake ƙirgawa, ba ya leƙa rumbu. Idan cuta ta shigo, jiki yana fito da su su yi aikinsu, shi ya sa ba a ga masu wannan gado suna kamuwa da cututtuka fiye da sauran mutane ba. Ma'aunin da aka buga a gefen takardar gwaji kuwa galibi daga jinin mutanen da ba su da wannan gado aka samo shi, don haka lafiyayyen Bahaushe yana iya samun 1,300 ko 1,400 na'ura ta ja masa jan layi.

Saboda haka abu mafi daraja da za ki kai wa likita shi ne tsofaffin takardunki, har da na lokacin goyon ciki da na kafin a gano lufus ɗin, in suna nan. Idan shekara biyar da ta wuce nutrofil ɗinki 1,500 ne, yau kuma 1,300, to kusan babu abin da ya canza. Idan kuwa a bara 3,500 ne, watan jiya 2,200, yau 1,300, wannan gangara ce, kuma gado ba ya kawo gangara. Ana iya gwada Duffy a sashen ajiyar jini na manyan asibitoci. Ina jan hankali a kan wannan ne domin illarsa ta fuska biyu ce. Akwai wadda za a rage wa maganin da ke tsare mata ƙoda saboda adadin da tun haihuwa haka yake, ciwon ya taso mata a banza. Akwai kuma wadda za a ce ai jininsu ne haka, alhali magani ne ke danne mata ɓargo. Gadon Duffy bai isa ya zama bayanin nutrofil da ya faɗi ƙasa da 500 ba, kuma ba ya rage adadin jajayen ƙwayoyi ko filatilet ko limfosayit.

Sanadi na biyu shi ne ciwon kansa. Kusan rabin masu lufus suna samun raguwar fararen ƙwayoyi a wani lokaci na rayuwarsu, har ma ƙa'idojin tantance ciwon da ƙungiyoyin likitocin Turai da Amurka suka fitar tare a 2019 sun lissafa adadin ƙasa da 4,000 a cikin alamominsa. Garkuwar jiki tana ƙera sinadaran da ke maƙale wa fararen ƙwayoyin, saifa ta tace su kafin lokacinsu, wani lokaci kuma ɓargo kansa ya yi sanyi wajen aiki. Likita zai duba ko ciwon yana motsi ta wasu hanyoyi: ciwon gaɓoɓi da kumburinsu, ƙurajen fuska, gyambon baki, zubewar gashi, kumfa ko furotin a fitsari, da gwaje-gwajen jini guda uku, wato C3 da C4 waɗanda ke sauka idan ciwon ya tashi, da anti-dsDNA wanda ke hawa. Idan raguwar daga lufus ce, mai sauƙi ce, kuma ba a fama da cututtuka a kai a kai, abin da aka fi yi shi ne a sa ido a maimaita gwaji. Ra'ayina a nan a fili yake: ƙara kotizon don kawai a gyara adadi a takarda ciniki ne na asara. Kotizon yana ɗaga nutrofil cikin sa'o'i ta hanyar sako waɗanda ke manne a bangon jijiyoyi, takarda ta yi kyau, amma shi kansa yana daga cikin manyan abubuwan da ke jawo wa masu lufus cututtuka, ban da ciwon suga da hawan jini da lalacewar ƙashi. Shawarwarin ƙungiyar likitocin Turai na 2023 sun nemi a sauko da firednisolon, wato nau'in kotizon da aka fi sha, zuwa miligiram 5 a rana ko ƙasa da haka ga wanda ciwonsa ya lafa.

Sanadi na uku, wanda a halinki shi zan fara zargi bayan na ga tsofaffin takardu, shi ne magani. Imuran, wato azatiyofirin, yana aiki ne ta hana ƙwayoyi masu saurin rabuwa ƙera sababbi, kuma ɓargo yana cikinsu. Jiki yana karya wannan magani da wani sinadari mai suna TPMT. Wasu mutane sun gaji ƙarancinsa, kusan mutum ɗaya cikin 300 ma ba shi da shi kusan gaba ɗaya, sai maganin ya taru ya danne ɓargo. Ana iya gwada shi, an fi so ma kafin a fara shan maganin. Ƙa'idojin likitocin gaɓoɓi na Birtaniya na 2017 sun ce mai shan irin waɗannan magunguna, idan jimillar fararen ƙwayoyinsa ta sauka ƙasa da 3,500 ko nutrofil ƙasa da 1,600, a tuntuɓi ƙwararren da ke duba shi da gaggawa a duba ko za a dakatar. Alƙalumanki sun faɗa ƙarƙashin duka biyun, dalilin da ya sa na ce cikin wannan mako. Idan aka rage ko aka dakatar da Imuran kuma shi ne sanadin, akan ga adadin ya farfaɗo cikin mako ɗaya zuwa uku.

Ki kuma tuna da duk abin da kika sha wanda ba likitan lufus ya rubuta ba. Maganin ciwon gaut mai kumbura gaɓoɓi, Zyloric, yana toshe ɗaya daga hanyoyin fitar da Imuran daga jiki, har idan dole a haɗa su akan sauke Imuran zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake sha. Haɗa su ba da sani ba ya sha kai mutane gadon asibiti. Septrin, wanda ake yawan bayarwa don ciwon mafitsara, yana saukar da fararen ƙwayoyi, yana iya tayar da lufus, kuma haɗa shi da metotireksat, wani maganin danne garkuwa, haɗari ne babba. Haka analjin da kuloramfenikol da kabimazol na ciwon maƙoƙo, duk suna da wannan tarihi. Magungunan da alhazai ko 'yan'uwa ke zuwa da su daga gida a cikin jaka, waɗanda wasu ko suna ba su da shi, su ma ki kai su a gani. Sauran magungunan waɗannan cututtuka kowanne da halinsa. CellCept yana saukar da su gwargwadon yawan abin da ake sha. Saikulofosfamaid da ake ƙarawa ta jijiya yakan kai su ƙasa tsakanin kwana 10 zuwa 14 bayan ƙarin, sannan su dawo. Rituksimab yana iya kawo raguwar makonni ko watanni bayan an gama shi, lokacin da kowa ya manta da shi. Plaquenil kuwa da wuya ƙwarai ya zama sanadi, kuma shi ne ginshiƙin maganin lufus, ba shi za a fara taɓawa ba.

Zancen nonon raƙumi ya haɗu da sanadi na huɗu, wato cututtukan da su kansu ke saukar da fararen ƙwayoyi. Zazzaɓin Malta, wanda ake ɗauka daga ɗanyen nonon raƙumi da na awaki da cukun da ba a dafa nononsa ba, sananne ne a Saudiyya, kuma alamominsa, zazzaɓi mai zuwa yana tafiya da gumin dare da ciwon gaɓoɓi da raguwar fararen ƙwayoyi, suna kama da tashin lufus har likita na iya ruɗewa ya ƙara maganin danne garkuwa a kan cuta. Cutar numfashi ta MERS, wadda aka fara ganowa a jikin wani majiyyaci a Jidda a 2012, ita ma an danganta ta da raƙuma, kuma an gargaɗi masu raunin garkuwa su guji ɗanyen nononsu. In kina sha'awar nonon, a tafasa shi ko ki sayi na kwali da aka riga aka kashe ƙwayoyinsa, kuma ki sha shi a matsayin abinci, domin ba a tabbatar yana ɗaga fararen ƙwayoyi ba. Zazzaɓin dengi, da ake samu a Jidda da Makka da Jazan, yana saukar da su tare da filatilet. Wanda ya dawo daga Nijeriya ko Nijar sai a duba masa zazzaɓin cizon sauro da taifot, wanda ya fito daga yankin Gadarif na Sudan kuma a tuna da kala-azar, mai kumbura saifa. Ciwon hanta da ƙanjamau da tarin fuka akan duba su ga kowa kafin a ƙara ƙarfin magani. Ƙarancin bitamin B12 da folik asid ma yana iya zama dalili, gwajinsa da gyaransa kuma masu sauƙi ne.

Idan aka kawar da duk waɗannan aka tabbatar lufus ne da kansa ke cinye nutrofil, kuma ya yi tsanani ko cututtuka sun fara maimaituwa, to a nan ake magani na gaske, kuma maganin ƙarin danne garkuwa ne, abin da ke ba majiyyata mamaki. Akan fara da kotizon mai ɗan yawa na gajeren lokaci, sannan a kawo maganin da zai riƙe ciwon a samu a sauke shi. Wasu likitoci sukan zaɓi saikulosforin ko takurolimus saboda ba su cika taɓa ɓargo ba, ko da yake suna bukatar a riƙa duba ƙoda da hawan jini. Ana kuma amfani da rituksimab, ko sinadaran garkuwa da ake tacewa daga jinin masu ba da gudummawa a ƙara ta jijiya. Zaɓin ya dogara da abin da ciwon ya taɓa a sauran jiki, da kuma ko kina shirin haihuwa, domin CellCept da metotireksat da saikulofosfamaid suna cutar da ɗan tayi, Imuran da Plaquenil kuwa ana ci gaba da su a lokacin ciki.

Allurar da ƙawarki ke nufi ita ce filgirastim, wadda aka fi sani da Neupogen, da aka amince da ita a Amurka a 1991 domin masu karɓar maganin ciwon daji. Tana zaburar da ɓargo ya fitar da nutrofil cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma idan an daina, adadin yakan koma inda ya fito matuƙar sanadin yana nan. A lufus ana yin ta ne ga wanda nutrofil ɗinsa ya faɗi ƙasa da 500 kuma yana fama da cuta mai tsanani, ko za a yi masa tiyata, a mafi ƙarancin abin da zai kai shi wajen 1,000, domin an ga ta tayar da lufus da kumburin ƙananan jijiyoyin fata a jikin wasu. Ciwon ƙashi ma yana biyo ta sau da yawa. Abin da ya fi muhimmanci ga jama'armu shi ne tana iya jawo mummunan tashin ciwon sikila, har an samu waɗanda suka rasu ta haka, saboda haka dole likita ya san rukunin jinin mutum na sikila kafin ya rubuta ta. A kan 1,300 ba tare da zazzaɓi ba, haɗarinta ya fi amfaninta.

Ga masu karatu da ciwonsu ba lufus ba ne, hukuncin kusan ɗaya ne da ɗan bambanci. A ciwon Sjögren, mai busar da ido da baki, raguwar takan zama mai sauƙi da ba ta bukatar magani. A amosanin gaɓoɓi na rumatoyid da ya daɗe, akwai haɗuwar kumburin saifa da raguwar nutrofil da likita Augustus Felty ya bayyana a 1924, wadda ake kira da sunansa. Maganinta shi ne a shawo kan amosanin, galibi da metotireksat ko rituksimab, cire saifa kuwa sai an rasa wata hanya. Gwajin ɓargo ba kowa ake yi wa ba. Akan nemi a yi shi idan jajayen ƙwayoyi da filatilet sun sauka tare, ko an ga baƙin ƙwayoyi a madubin gwaji, ko akwai kaluluwa da rama, ko adadin ya ƙi dawowa bayan an janye maganin da ake zargi.

Abin da nake so ki riƙe da hannu biyu shi ne maganar zazzaɓi. Ki ajiye ma'aunin zafin jiki a gida. Idan zafin ya kai digiri 38 ya tsaya na tsawon sa'a guda, ko ya kai 38.3 ko da sau ɗaya, ko kika ji sanyi mai karkarwa, ko ciwon maƙogwaro mai tsanani da gyambon baki, ko numfashi ya yi nauyi, ki tafi sashen gaggawa a lokacin, ki gaya musu tun daga ƙofa cewa kina shan maganin danne garkuwa kuma fararen ƙwayoyinki sun yi ƙasa. Ƙa'ida ga mai tsananin raguwar nutrofil da zazzaɓi ita ce a fara masa maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin sa'a guda. Kada ki sha Panadol ki kwanta ki ga abin da safiya za ta yi, kuma ki sani kotizon yana iya ɓoye zazzaɓi, don haka kasala mai tsanani ta farat ɗaya ko ruɗewa su ma dalili ne na tafiya. Lambar motar asibiti 997 ce, ta neman shawara a ma'aikatar lafiya kuma 937.

Zama a Makka yana nufin cuɗanya da baƙi daga kowace kusurwar duniya, musamman a Ramadan da lokacin aikin Hajji, lokacin da mura da tari ke zagaya gari. Takunkumin fuska a cikin cunkoso da wanke hannu suna da amfani na gaske. Allurar rigakafin mura ta shekara-shekara da ta ciwon huhu da ta sanƙarau da ake bukata ga mahajjata duk ba su ƙunshi ƙwaya mai rai ba, kuma ana so ki yi su. Ta zazzaɓin shawara da ta ƙyanda kuwa masu rai ne, ba a yi wa mai shan Imuran sai da shawarar ƙwararre, abin da ya kamata ki tuna in kina shirin ziyarar gida. Zuma da dabino abinci ne masu kyau, ki ci gwargwado saboda kotizon yana ɗaga suga. Kayan da ake sayarwa da sunan ƙarfafa garkuwa, irin su ekinesiya da sifirulina da ƙwayoyin alfalfa, ki nisance su, domin garkuwarki ba ƙarin zuga take bukata ba, kuma an danganta su da tashin ciwon. Ƙaho ma ki jinkirta shi har adadin ya daidaita, tun da tsaga fata ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta.

Ranar da za ki ga likita, ki tafi da tsofaffin takardun a jere bisa kwanan wata, da duk kwalayen magungunan da ke gidanki, na asibiti da na gargajiya. Ki nemi a maimaita gwajin tare da duban jinin a madubi, a haɗa da C3 da C4 da anti-dsDNA da fitsari da B12, ki kuma tambaya ko an taɓa gwada miki TPMT da Duffy. Idan ya rage Imuran, ki tambayi ranar da za a sake ɗibar jini, wadda bai kamata ta wuce mako ɗaya ko biyu ba, da kuma maganin da zai maye gurbinsa in adadin bai dawo ba.